Yadda Za Ka Gano Kaza da 'Ya'yanta, Ka Karanta Labarin da Girkawa Suka Rataya Mata

Wanda ya tashi a ƙauye ya san Kaza da 'Ya'yanta tun bai san alifi ba. Ɗan curin taurarin nan ne da ke bayyana idan kaka ta yi, sanyi ya fara saukowa, a cunkushe wuri guda kamar 'yan tsaki sun ji motsin shirwa. Malamai suna ce masa Surayya. Abzinawa kuma 'yan matan dare suke kiransa. Girkawan da ma mata suka gani a wurin: 'yan mata bakwai, uwa ɗaya uba ɗaya, suna gudu, wani ƙaton maharbi na biye da su. Sunansu Filayadis. Kusa da su akwai wani curin da ya fi faɗi, na 'yan'uwansu Hayadis, waɗanda aka ce kuka ne ya yi ajalinsu.

Na gwada ba yara labarin nan ta hanya biyu. Da na ba su a ɗaki, da sunaye a rubuce, kafin sati ya zagayo ba wanda ya riƙe ko uku. Da na fitar da su tsakar gida na nuna musu da yatsa, har yau ƙaramar cikinsu tana iya gaya maka wa ke gaba, wa ke baya. Dalili kuwa, a jikin sama aka ɗinka labarin: wanda ya fara fitowa, wanda ke binsa, wanda ya fara faɗuwa, da watan da abin ke faruwa. Don haka da kallo za mu fara, labari ya biyo baya. Allolin da za a ambata, irin su Ziyus da Fosaidon, abin bautar Girkawa ne a zamaninsu na da. Mu tarihi da adabi muke karantawa.

Mataki na farko: zaɓi dare

Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da abin ya fi sauƙi. Wajen 20 ga Nuwamba Surayya na fitowa daga gabas da faɗuwar rana, ta kai tsakiyar sama da tsakar dare. Kowane dare taurari na riga jiya fitowa da kusan minti 4, wato awa 2 ke nan a wata, shi ya sa a farkon Janairu za ka same ta a bisa kanka tun wajen ƙarfe tara zuwa tara da rabi. Ga mai koyo, na fi son farkon Disamba bayan sallar Isha'i, domin a lokacin dukkan 'yan wasan suna jere a gabas, wani bisa wani, ba sai ka karya wuya ba.

Ka duba kwanan wata na Musulunci. Daga 19 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabon wata, farin wata ba zai dame ka da farkon dare ba. Daren sha huɗu kuwa ɓata lokaci ne, hasken wata zai wanke ƙananan taurarin tas. Sai kuma hazon hunturu, wanda shi ne babban abokin gabarmu a nan. Ranar da ka ga rana ta faɗi fara fat kamar faifai tun ba ta kai ƙasa ba, ka haƙura da daren. In kuwa dole ne, ka jira taurarin su hau sama sosai, don ƙurar ta fi kauri a gindin sama.

Ka nemi inda fitila ba ta dukan idonka: soron bene, filin makaranta, bayan gari. Daren da aka ɗauke wuta a unguwa, kafin masu janareta su tayar, ganima ce. Ka shimfiɗa tabarma, ka ɗauki bargo, ka ajiye waya aƙalla minti 20. Ido na buƙatar wannan lokacin kafin ya saba da duhu, kuma leƙa saƙo sau ɗaya ya isa ya mayar da kai baya. In ba makawa sai ka haska wani abu, ɗaura jar leda a bakin tocila.

Mataki na biyu: fara da maharbin

Kada ka fara neman Surayya kai tsaye in ba ka saba ba. Fuskanci gabas wajen ƙarfe takwas da rabi, ka nemi taurari uku masu haske ɗaya, a jere, tazararsu ɗaya, kusan a tsaye. Ba wasu uku irinsu a sama duka. Wannan ita ce ɗamarar Oriyon, maharbin labarinmu. A hagunta akwai wani babban tauraro mai ja-ja, kafaɗarsa ke nan. A damanta wani fari mai shuɗi-shuɗi, ƙafarsa. A ƙasashenmu Oriyon a kishingiɗe yake fitowa, ba a tsaye yadda ake zana shi a littattafan Turai ba, kada wannan ya rikita ka.

Yanzu ga ma'auni. Miƙe hannunka iyakar miƙewa, ka dunƙule shi. Faɗin dunƙulen nan kusan digiri 10 ne a sama, na yaro da na babba duk ɗaya, tunda mai ƙaramin hannu gajeren damtse gare shi. Daga ɗamarar ka bi layinta zuwa sama, kana ɗan karkata hagu. Dunƙule biyu, za ka ci karo da tauraro mai launin garwashi. Shi ne Dabaran, wanda taswirar taurari ke rubutawa Aldebaran. Ci gaba a kan hanyar dunƙule ɗaya da rabi, sai ga curin Surayya. In ka bi layin ɗamarar ta ƙasa kuwa, bayan ɗan lokaci Shi'ira zai fito, tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda aka ambata a Suratun Najmi.

Wanda ke son tabbatarwa da waya, manhajar Stellarium za ta nuna masa. Ya rubuta Pleiades ko M45, da Hyades. Amma a yi wannan kafin a fita, ba a kan tabarma ba.

Mataki na uku: tsaya a kan Hayadis, masu kuka

Mutane na tsallake wannan curin su wuce Surayya, don ita ce mai farin jini. Kada ka yi haka. Dubi Dabaran da kyau, za ka ga yana ƙarshen ƙafa ɗaya ta wasu taurari da suka yi siffar takwas ɗin Larabci da ta jingina dama. Idan sun juya yamma za su faɗi, sai siffar ta koma bakwai ɗin Larabci. Faɗinta rabin dunƙule ne. A tsakiyar ƙafar da Dabaran yake, akwai taurari biyu manne da juna. In ka iya raba su da ido, idonka lafiya lau. Girkawa sun ɗauki siffar nan a matsayin fuskar bijimi, Dabaran ne jan idonsa, Surayya kuma tana kan tozonsa.

A nan ne ya kamata ka san kalmar nimfa, jam'inta nimfai, wanda ya faɗa daidai bakin Bahaushe. A Girkanci asalin ma'anarta budurwar da ta isa aure, ko amarya. A labaransu kuwa wasu halittu ne mata da ke zaune a idon ruwa, da kurmi, da kogon dutse, da teku. Ba su kai manyan alloli ba, sun kuma fi mutane tsawon rai nesa ba kusa ba. Abin da ya fi kusa da su a wurinmu shi ne 'yan ruwa da iskokin da ake cewa suna zaune a tsamiya ko kuka, sai dai Bagirke bai cika jin tsoron nasa kamar yadda muke jin tsoron namu ba. Yakan kai musu madara da zuma a bakin kogo.

Labarin Hayadis iri biyu ne, kuma kowanne da amfaninsa. Na farko: 'ya'yan Atlas ne, suna da ɗan'uwa namiji mai suna Hiyas, mafarauci. Ya fita farauta a Libiya, sunan da Girkawa ke kiran arewacin Afirka da shi, zaki ya kashe shi. Wasu suka ce gursunu ne, wasu maciji. 'Yan'uwansa mata suka yi ta kuka ba dare ba rana har suka mutu, Ziyus ya ji tausayinsu ya ɗora su a sama. Hawayensu ne ruwan sama. Sunan ma Girkawa sun danganta shi da kalmarsu ta saukar ruwa, domin lokacin da curin ke faɗuwa da asuba ya yi daidai da shigowar daminarsu. Romawa suka ji sunan ya yi kama da kalmar Girkanci ta alade, sai suka riƙa ce musu 'yan aladu. Daga masu makoki zuwa 'yan aladu, ka ji aikin kunne.

Na biyu: su ne nimfan dutsen Nisa da suka yi renon Diyonisus, ɗan Ziyus da wata 'yar sarki mai suna Semeli. Uwar ta mutu, Hera uwargidan Ziyus kuma na neman jaririn ruwa a jallo, sai aka mayar da shi ɗan akuya aka kai wa nimfan nan suka ɓoye shi. Ladan renon ne aka ba su gurbi a sama. Yawansu ma ba a daidaita ba. Wani tsohon baiti da ake jingina wa mawaƙi Hesiyod ya ambaci biyar: Faisili, Koronis, Kilaya, Fayo da Yudora. Wasu suka ce bakwai ne, suka kawo su Amburosiya da Tiyoni. Ban ga amfanin wahalar da yaro da haddar waɗannan ba, ba a ma san su a jikin taurarin ɗaya bayan ɗaya yadda aka san na Surayya ba. Ya riƙe biyar, kuka, ruwa, ya isa.

Ga wani abu da ido ba zai gaya maka ba: Dabaran ba ɗan gidan ba ne. Nisansa daga nan shekarar haske 65 ne, curin Hayadis kuwa kusan 153, layi ɗaya kawai suka faɗo. Hasken Dabaran da ke shiga idonka ya baro gida wajejen 1960. Na Hayadis ya taso tun Turawa ba su ci Kano a 1903 ba. Duk da haka Hayadis ne curin taurari irinsa mafi kusa da mu.

Mataki na huɗu: ƙirga Surayya kafin ka ji sunayen

Kowa ya kwanta rigingine ya ƙirga nasa a zuci, kada wani ya faɗa wa wani, sannan a faɗa tare. Yawancin manya shida za su ce. Yara kan ce bakwai ko takwas, kuma ba ƙarya suke yi ba. Daren da muka fara yi, ni da ƙyar na tsaya a shida, 'yata ta ce takwas, na ce zuƙi-ta-malle ce. Na ba ta tsinke ta ɗiga su a ƙasa, muka haska, washegari na gwada da taswira, ko ɗaya ba ta ƙara ba. Dabarar ganin masu rauni ita ce kada ka zuba musu ido kai tsaye. Kalli ɗan gefe kaɗan, gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni.

Siffar kamar ɗan ludayi ce mai gajeren mariƙi. Idan curin na hawowa daga gabas, mariƙin na ƙasa. Tauraron ƙarshen mariƙin shi ne Atlas, uban. Manne da shi ta hagu akwai wani mai rauni, Filayoni, uwar, haskenta na ƙaruwa yana raguwa. Inda mariƙi ya haɗu da ƙoƙon ludayi akwai wanda ya fi duka haske, Alkiyoni. Sama da ita ta dama Merofi, ta hagu Maya, can ƙoli Elektira, a gefen Maya kuma Tayigeti. Kelaino na ɓoye tsakanin Elektira da Tayigeti, Siterofi na hagun Maya. Waɗannan biyun sai mai kaifin ido a dare mai kyau.

In kana da tabaron hangen nesa mai ido biyu, irin mai lamba 7x50 ko 10x50, yanzu ne lokacinsa. Jingina gwiwar hannu a kan katanga don kada ya yi rawa. Abin da ka ƙirga shida zai koma gomiya. Masanin taurari Galileo ya zana 36 a 1610 da ɗan madubinsa, yau kuwa an san curin ya haura taurari 1,000. Nisansa kusan shekarar haske 444 ne, wato hasken ya kamo hanya tun zamanin Mai Idris Alooma na Borno. Shekarun curin wajen miliyan 100 ne, jarirai ke nan idan aka gwada da rana mai shekara biliyan huɗu da rabi.

Mataki na biyar: rataya wa kowace labarinta

Fara da uban. Atlas na cikin tsofaffin ƙattin da suka yaƙi Ziyus suka sha kashi. Hukuncinsa shi ne ya tsaya can ƙarshen yamma ya ɗauki sama da kai da hannuwa, ba gammo, ba ranar saukewa. Sama ce ya ɗauka, ba duniya ba kamar yadda ake yawan faɗa. Sunansa ne a kan duwatsun Atlas na Maroko da tekun Atlantika. Matarsa Filayoni nimfa ce, 'yar Okiyanos, ruwan da suka ce ya kewaye duniya. A dutsen Kilini na yankin Arkadiya ta haifi 'yan matan.

Hanya mafi sauƙi ta riƙe bakwai ɗin ita ce lissafin mazajensu: uku, biyu, ɗaya, ɗaya. Uku sun haihu da Ziyus, biyu da Fosaidon mai teku, ɗaya da Aris mai yaƙi, ɗaya ta auri mutum.

Maya ce babba, mai kunya, ba ta shiga taro, tana zaune a kogonta. Ita ta haifi Harmis, kuma labarinsa ne yara suka fi so. An haife shi da asuba, da rana tsaka ya kama kunkuru ya yi abin kiɗa mai tsirkiya bakwai da ƙoƙon bayansa, da maraice ya sato shanu 50 na wansa Afolo, ya kora su da baya-baya don sawu ya rikita mai bi. Ya dawo ya shige zanen goyo kamar bai san komai ba. Gizo ma sai ya sara masa. Romawa na da tasu Maya da suka haɗe da wannan, kuma da ita ake danganta sunan watan Mayu.

Elektira ta haifi Dardanos, kakan sarakunan birnin Taroy. Tayigeti ta haifi Lakedaimon, wanda ya auri wata mai suna Sparta ya sa wa birninsa sunanta. Dogon dutsen da ke yamma da birnin har yau Tayigetos ake kiransa. Alkiyoni ta haifi Hiriyus, ka riƙe wannan sunan, zai dawo. Kelaino ta haifi Likos. Siterofi, a wata ruwaya uwar Oinomawos ce, sarkin Fisa kusa da Olimfiya, a wata kuma matarsa ce. Merofi kuwa sarkin Korinti ta aura, labarinta na gaba.

Ka lura da abin da ke faruwa a nan. Taroy, Sparta, Arkadiya, Fisa, Korinti: kowane gidan sarauta ya nemo kakarsa a cikin 'yan matan nan, sai garuruwan da ba sa ga maciji da juna suka zama 'ya'yan 'yan'uwa. Wanda ya san yadda labarin Bayajidda ya tara Hausa Bakwai a gida ɗaya ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Mataki na shida: nemi wadda ta ɓace

Sunaye bakwai, ido na ganin shida. Wannan ya dami Girkawa da Romawa duka. Aratus ya ambace shi a waƙarsa ta taurari a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, Obid na Roma ma ya ce ana cewa bakwai ne amma shida aka saba gani. Sai aka nemo dalili. Wasu suka ce Merofi ce. Ita kaɗai ta auri ɗan Adam, Sisifus sarkin Korinti, mayaudarin da aka yanke wa hukuncin tura dutse kan tudu a lahirarsu, in ya kusa kaiwa ya gangaro. 'Yan'uwanta duk sun yi auren manya, ita ta ƙare da wannan, kunya ta sa ta ja mayafi ta rufe fuska. Wasu suka ce a'a, Elektira ce: da ta ga an ƙone Taroy, birnin jikokinta, sai ta rufe ido da hannu. A wata ruwayar ma fita ta yi daga cikin 'yan'uwanta da gashi a warware, ta zama tauraruwa mai wutsiya.

To koma kan tabarma ka duba. Merofi na nan sarai, Elektira ma na nan, tana cikin masu haske. Shidan da ido ke gani su ne Alkiyoni, Atlas, Elektira, Maya, Merofi da Tayigeti, wato 'yan mata biyar da ubansu. Waɗanda suka ɓuya Kelaino ce da Siterofi. Abin da ya jawo haka, masanan Turai ne suka daidaita rabon sunayen a kan taurarin ɗaya-ɗaya can daga baya, a ƙarni na 17 aka ƙara uban da uwar. Na ga masu ba da labarin suna ɓoye wannan don kada ya lalace. A ganina faɗarsa ya fi, domin yaro ya fi jin daɗin kama labari da kuskure da idonsa a kan a ce masa haka ne kawai.

Sai dai Merofi ta samu mai kare ta. A 1859 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Tempel ya hango wani hazo-hazo kewaye da ita ta madubin hangen nesa. Ƙurar sararin samaniya ce da curin ke ratsawa, hasken taurarin na dukanta ta yi shuɗi. A hotuna ta fi kauri a wajen Merofi. Ashe dai da mayafin. Alamar motar Subaru ma curin nan ne, sunansa ke nan da Japananci, kuma taurari shida suka zana.

Mataki na bakwai: zauna ka ga tseren

Wannan matakin ba ya son gaggawa. Labarin ya ce Filayoni na tafe da 'ya'yanta a yankin Boyotiya, Oriyon ya gan su ya bi su. Shekara bakwai yana binsu bai cim musu ba, har Ziyus ya mayar da su kurciyoyi, daga nan taurari. Kalmar kurciyoyi a Girkanci kusan ɗaya take da sunansu. Wasu kuma na ganin daga kalmar tuƙa jirgin ruwa sunan ya fito. Da Oriyon ya mutu aka ɗora shi a bayansu, aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Ka tuna Hiriyus ɗan Alkiyoni? A wata ruwaya shi ne uban Oriyon. Ka ga ke nan maharbin kakarsa yake bi da ƙannenta da yayyenta. Mu ma jika na kiran kakarsa matata, amma wasa ne. Shi wannan ya ɗauki abin da gaske. Labaran Girkawa ba mutum ɗaya ya tsara su ba, kowane gari da nasa, in ka ɗinka su wuri guda dole ka ga irin wannan.

Don ka ga tseren da idonka, saita Surayya da wani abu tsayayye, kan bishiya ko zankon soro, daga inda kake kwance. Sa alama a wurin da kanka yake. Je ka sha shayi ka dawo bayan awa ɗaya. Za ka tarar ta matsa dunƙule ɗaya da rabi zuwa yamma, Dabaran ya matsa haka, Oriyon ma haka. Tazarar ba ta raguwa. Surayya na riga ɗamarar fitowa da kusan awa 2, ita ce kuma ke fara faɗuwa, sai Hayadis, sai shi. Larabawa ma sun lura da wannan bin, ma'anar Dabaran ke nan, mai bin baya. A nasu labarin shi ne manemin Surayya, matalauci, ta ƙi shi, yake binta yana kore da 'yan raƙumansa na sadaki, su ne taurarin Hayadis. A lissafin masaukan wata 28 da malamanmu suka gada, Surayya ce ta uku, Dabaran na huɗu.

Mataki na takwas: gwada kalandarsu da tamu

Girkawa ba don hira kawai suka damu da taurarin nan ba. Mawaƙinsu Homa ya sa Filayadis da Hayadis da Oriyon a cikin zanen garkuwar jarumi Akilis, ya kuma nuna jarumi Odisiyus yana tuƙin jirgin ruwa da dare idonsa na kan Filayadis. Hesiyod, manomi daga ƙauyen Askira wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya faɗa wa ɗan'uwansa dalla-dalla: idan 'ya'yan Atlas suka fito a fara girbi, idan za su faɗi a fara huɗa, kuma sukan ɓuya kwana 40. Ya ƙara da cewa idan suka guje wa Oriyon suka faɗa teku, iska ta ɓaci, a jawo jirgi tudu a tokare shi da duwatsu.

Fitowar da yake nufi ita ce ranar farko da aka hango su a gabas kafin rana, a zamaninsa wajen tsakiyar Mayu. Faɗuwar kuma ita ce ganinsu suna nutsewa a yamma da asuba, farkon Nuwamba. Ƙasarsu da sanyi take samun ruwa, su shuka alkama da sha'ir a Nuwamba su girbe a Mayu. Mu namu a juye yake: lokacin da Hayadis ke zubar musu da hawaye, mu muna sussukar gero, leɓe na tsagewa. Kwanakin ma sun gusa da fiye da wata guda tun zamaninsa, saboda wani jinkirin juyi da duniya ke yi kamar katantanwa, digiri ɗaya a shekara 72.

In yaro ya tambaye ka ko taurarin ne ke kawo ruwa, amsar na nan a hadisin Hudaibiyya da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda aka yi hani ga cewa an yi mana ruwa saboda tauraro kaza. Tauraro alamar lokaci ce, kamar yadda zuwan shamuwa ba shi ke haɗa hadari ba.

Aikin da zan ba ka shi ne ka nemo naka kwanakin. Daga tsakiyar Afrilu, kullum bayan Magariba ka dubi yamma daga wuri ɗaya. Za ka ga Surayya na ƙara yin ƙasa, Hayadis ta zama bakwai ɗin Larabci a samanta ta hagu, Oriyon ya rufo musu baya. Rubuta daren ƙarshe da ka gan ta, galibi ƙarshen Afrilu ne ko farkon Mayu. Rana na ratsawa ta kusa da ita wajen 20 ga Mayu. Daga 10 ga Yuni ka fara duban gabas, ɗan arewa kaɗan, idan ka fito sallar Asuba, ka rubuta ranar da ta sake ɓullowa. Ƙirga kwanakin da ke tsakani ka gwada da 40 ɗin Hesiyod. Gizagizan farkon damina za su ci maka wasu asubahin, don haka a gefen kowace rana ka riƙa rubuta ko sama a buɗe take ko a rufe.